Fom ɗin tantancewa ya hana ni barci, Mike Ross kuwa ya yi shekaru yana lauya ba kwali

Uwar_Tagwaye ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya biyu na zo da ita, ɗaya ta kallo ɗaya ta rayuwa, amma tun daren Litinin sun cakuɗe mini.

Shekarata goma sha ɗaya a Amurka. Makon jiya wani ofishin lauyoyi ya kira ni cewa sun ɗauke ni aikin mataimakiyar lauya, abin da ya rage kawai wani kamfanin tantancewa ya duba bayanaina. Suka turo fom ta imel, shafi shida. Cikin minti ashirin na cike kusan duka. Tambaya biyu ce ta tsaya mini a maƙogwaro.

Ta farko: an taɓa korar ki daga aiki, ko an taɓa cewa ki ajiye da kanki? An taɓa. A 2018 ne. Motar abokiyar aikina ta mutu a hanya, ta kira ni tana kuka, saura gargaɗi ɗaya a sallame ta saboda makara. Na san lambarta, sai na danna mata a na'urar shiga aiki ƙarfe takwas daidai, ita kuwa ba ta iso ba sai tara saura kwata. Kyamara ta ɗauke ni. Rana ɗaya aka sallame mu mu biyu. Ban saci komai ba, ba a kira 'yan sanda ba, amma kora kora ce.

Ta biyu digiri na biyu ne. Simesta uku na yi cikin huɗu, na haihu, ban koma ba. A takardar neman aikina na sa sunan jami'ar da kwas ɗin da "2015 zuwa 2017". Ban ce na gama ba, ban kuma ce ban gama ba. Shekara da shekaru haka take, ba wanda ya tanka. Yanzu ga fom da ɗan akwati yana neman shekarar kammalawa.

Ni da maigida in yara sun yi barci Suits muke kallo, wani shirin talabijin na lauyoyi, mun kai zango na huɗu. Da na gaya wa wata ƙawata damuwata sai ta yi dariya ta ce, ke da kike kallon Mike Ross, yaron da bai taɓa zama a ajin koyon lauya ba, kamfanin da ba ya ɗaukar kowa sai ɗan Harvard ya ɗauke shi, shi ne wata 'yar kora ta shekarun baya za ta hana ki barci? Sa "a'a" ki wuce.

Na san wasa ne, ba yarinya ba ce ni. Amma ina so in ji daga waɗanda suka san harkar: irin wannan yana yiwuwa da gaske? Kuma masu tantancewar nan, iya ina suke tonawa? Ranar Juma'a zan mayar da fom ɗin.

Tsohon_Magatakarda ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Na yi shekaru ina karɓar takardu a rajistar kotu kafin in yi ritaya, don haka bari in ɗauki ɓangaren kallon, na fom ɗin akwai waɗanda suka fi ni.

Ni ma na kalli shirin nan har ƙarshe, zango tara daga 2011 zuwa 2019, kuma na ji daɗinsa. Sai dai ko garin ma aro ne: labarin na Niyok ne, ɗaukar kuwa a Toronto ta Kanada aka yi mafi yawanta. Ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ke sa ni tsaki a duk shirye-shiryen lauyoyi shi ne yadda suke wasa da lokaci. A shigar da ƙara Talata, a yi wa shaida tambayoyi Laraba, Alhamis ana gaban alƙali. Fayil ɗin da na sani yakan shekara biyu ko uku yana kumbura a kan kanta, yau an ɗaga, gobe lauya ya nemi ƙarin wata guda. Kuma yawancinsu ba sa ganin ranar shari'a ma. Wani malamin shari'a, Marc Galanter, ya ƙirga a 2004: ƙararrakin da ba na laifi ba a kotunan tarayya, kashi 11.5 cikin ɗari ne suka kai ga zaman shari'a a 1962, zuwa 2002 sun koma kashi 1.8. A ɓangaren laifi kuwa Kotun Ƙoli da kanta ta faɗa a 2012 cewa kashi 97 na hukuncin laifi a matakin tarayya da kashi 94 a jihohi daga amsa laifi suke fitowa. Wato ciniki ake yi a ofis ko a baranda, a shigo a gaya wa alƙali, minti goma an tashi. Wa zai zauna kallon wannan?

Sai maganar takardar bazata, wadda lauya zai zaro daga aljihun kwat ya wurga kan tebur kowa ya yi tsit. Ƙa'ida ta tilasta wa kowane ɓangare ya nuna wa ɗaya shaidunsa da takardunsa tun kafin a zauna. Mai gabatar da ƙara ma, tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Brady na 1963, dole ya miƙa duk hujjar da za ta iya wanke wanda ake tuhuma. Wanda ya ɓoye takarda don ya burge a ranar shari'a, mafi kusa shi ne alƙali ya hana shi amfani da ita. Kuma lauya ɗaya ba ya haɗe kamfanoni da safe, ya kare mai kisa da rana, ya yi rigimar haya da yamma. Kowa da fanninsa.

To ga tambayarki. Lauyan bogi yana yiwuwa? Ƙwarai kuwa. A jihar Fensilbaniya an yi wata mata, Kimberly Kitchen, ta yi wajen shekara goma tana aikin lauyar gado ba ta da lasisi, har ta shugabanci ƙungiyar lauyoyin gundumarsu, sai a 2016 kotu ta same ta da laifi. Amma ki lura da inda ta yi: ƙaramin gari, aikin takardun gado, inda kowa ya san fuskarta ba wanda ya ga dalilin bincike. A babban kamfani na Niyok abin ya yi wuya ƙwarai. Rajistar lauyoyin jihar a buɗe take a intanet, kowa na iya buga suna ya ga shekarar da aka rantsar da mutum, kuma duk shekara biyu lauya ke sabunta rajista. Lauyan ɗaya ɓangaren shi ne farkon mai dubawa, don neman laifinka ne aikinsa. Masu shirin sun san da wannan ramin, shi ya sa suka kawo mai kutsen kwamfuta ta cusa sunan yaron cikin rajista. Sunan dai ta cusa. Ba ta iya cusa shi cikin ƙwaƙwalwar ɗaruruwan 'yan ajin da ya kamata su tuna shi ba.

Abin dariyar ma, akwai halastacciyar hanya. Jihohin Kalifoniya, Bajiniya, Vermont da Washinton suna barin mutum ya koyi aikin a hannun lauya na wasu shekaru ya zauna jarrabawa ba tare da makarantar lauya ba. Da yaron ya bi nan da ba a samu zango tara ba.

Mai_Duba_Fayil ta rubuta:

Yaya Uwar Tagwaye, sannu da wannan zullumi. Aikina ke nan, sashen kula da ma'aikata, rahoton tantancewa kullum yana zuwa teburina. Bari in gaya miki yadda abin yake daga ciki, domin mutane suna zaton wani ɗan leƙen asiri ne ke bin su. Ba haka ba ne. Ma'aikaci ne da kwamfuta da waya, an ba shi jerin abubuwa ya gwada abin da kika rubuta da abin da ke rubuce a wani wuri. In sun yi daidai ya sa alama ya wuce, in sun saɓa ya rubuta cewa akwai saɓani.

Digirin shi ya fi sauƙin kamawa, kuma shi kika fi rainawa. Akwai wata cibiya, National Student Clearinghouse, tun 1993 take, kusan duk jami'o'in ƙasar nan suna zuba mata bayanan ɗalibansu. A buga sunanki da ranar haihuwa, nan take ya fito: ta yi rajista daga kaza zuwa kaza, ba a ba da digiri ba. In kika sa 2017 a akwatin kammalawa, kin gama da aikin nan, ba ma sai an kai ga maganar kora ba. Rubuta "ban kammala ba, simesta uku cikin huɗu". Ki kuma gyara takardar neman aikinki yau, ki tura musu sabuwa da kanki. Wannan salon na a sa shekaru a yi shiru, mun san shi sarai, ba ya ruɗin kowa a ofishinmu.

Korar ta fi wuyar hasashe. Kamfanoni da yawa, don tsoron a kai su ƙara, ranar fara aiki da ranar bari da muƙami kawai suke faɗa. Amma akwai tambaya ɗaya da ake yawan yi: za ku sake ɗaukarta? In aka ce a'a, ke kuma kin sa ba a taɓa korar ki ba, to an buɗe ƙofar ƙarin tambaya. Wani lokaci ba ma ta waya ake ji ba, wata tsohuwar abokiyar aiki ce za ta zo neman aiki bayan shekara biyu ta gan ki ta ce, a'a, ashe nan kika dawo bayan abin nan.

Ki karanta layin da ke saman inda za ki sa hannu. Kusan kullum yana cewa duk bayanin ƙarya dalilin kora ne a duk ranar da aka gano shi. Wannan layin ba ya tsufa.

Kina da haƙƙi kuma, kada ki manta. Dokar tarayya ta 1970 kan rahoton bayanan mutane ta ce ba za su nemi rahoto daga kamfanin waje ba sai da izininki a rubuce, kuma in za su fasa ɗaukarki saboda abin da ke ciki, sai sun fara ba ki kwafi kin gani. In akwai kuskure kina iya ƙalubalanta, galibi kwana 30 ake ba kamfanin ya sake bincike. Kuskuren yana faruwa, na taɓa ganin an liƙa wa mutum laifin mai suna irin nasa.

Uwar_Tagwaye ta rubuta:

Baba na gode, ƙanwata na gode. Wallahi ni digirin ban ma ɗauke shi matsala ba, korar nake ta juyawa. Ashe ta inda ban tsare ba za a shigo.

Ba_A_Rufe_Ni_Baki ya rubuta:

Hajiya, digirin kam ki gyara, ba gardama. Amma ina so in ɗan ɓata wa jama'a rai, don na ga an kusa fara jera miki karin magana. Za a ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Na Marilee Jones shekara 28 ya yi bai ƙure ba. Ta shiga aiki a jami'ar MIT a 1979 da digirorin da ba ta da su, ta hau har ta zama shugabar sashen ɗaukar ɗalibai, ita ke tantance takardun 'ya'yan mutane, sai a 2007 aka gano. Scott Thompson ya kai shugaban kamfanin Yahoo da digirin kwamfuta na ƙarya a tarihinsa kafin ya sauka a 2012, kuma ba kamfanin tantancewa ne ya kama shi ba, wani mai hannun jari ne da ke rigima da hukumar kamfanin ya tono. George Santos har majalisar wakilai ya shiga da jami'a da wuraren aikin da ya ƙirƙira, sai Disamba 2023 aka kore shi. Waɗannan su ne aka kama. Waɗanda ba a kama ba ba mu da lissafinsu, suna nan suna karɓar albashi.

Ɗaya gefen kuma, mai gaskiya ba kullum ake tafa masa ba. Wata mai bincike, Devah Pager, ta yi gwaji a birnin Milwaukee, aka buga a 2003: ta tura samari neman aiki da takardu iri ɗaya, bambancin kawai wani ya ce ya taɓa zaman gidan yari. Farar fata marar laifi, kashi 34 aka kira. Da ya faɗi laifi, 17. Baƙar fata marar laifi 14, mai laifi 5. Ki sake duba lambobin nan, Baturen da ya yi ɗauri ya fi baƙin da bai taɓa yin komai ba samun kira. Na san naki ba laifin kotu ba ne, amma akwatin "e" ko "a'a" haka yake aiki, da yawa ba sa karanta bayanin da ke ƙasansa.

Ni kaina na taɓa sa "e" a irin tambayar nan, na rubuta bayani mai kyau, ban sake jin ɗuriyarsu ba. Ban ce ki yi ƙarya ba. Cewa nake kada a yaudare ki cewa gaskiya kyauta ce, wani lokaci aikin ne kuɗinta. Kuma ki amsa abin da aka tambaya kawai. In fom ya ce cikin shekara biyar da suka wuce, 2018 ba ta ciki, ba kuma wajibinki ba ne ki yi musu kyautar ta.

Tsohon_Magatakarda ya rubuta:

Malam, maganarka ta ƙarshe daidai ce, a karanta tambayar da kyau. Lambobin Pager ma ba na musu. Inda na rabu da kai shi ne wurin da take neman aikin. Ofishin lauyoyi ne, mutanen da kowanensu sai da kwamitin tantance hali ya tankaɗe shi kafin a ba shi lasisi: adireshin shekaru, bashi, tarar mota, ladabtarwar makaranta, duk wurin da ya taɓa aiki da dalilin barinsa. Sun saba ganin tabo. Abin da aka horar da su su ƙi shi ne ɓoyewa, har ƙa'ida ta 8.1 ta ɗa'ar lauyoyi a kan wannan take.

Ga mutum biyu ka gwada. Stephen Glass ɗan jarida ne, aka kama shi a 1998 yana ƙirƙirar labarai a mujallar The New Republic, sama da 40 in aka haɗa da na sauran mujallu. Ya yi karatun lauya a jami'ar Georgetown, ya ci jarrabawar Niyok, ya ci ta Kalifoniya, ya yi shekaru yana aikin mataimakin lauya, manyan mutane suka tsaya masa. A Janairu 2014 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta hana shi lasisi, kuma cikin dalilanta har da cewa lokacin da ya nema a Niyok bai faɗi gaskiya duka ba game da yawan ƙaryar da irin haɗin kan da ya ba mujallun. Bai taɓa kwana a gidan yari ba. Tarra Simmons kuwa ta yi ɗauri kan ƙwaya da sata, ta fito ta yi karatun lauya a Seattle, ta zayyana tarihinta a takardar nema. Kwamiti ya ƙi ta da ƙuri'a 6 da 3, amma a Nuwamba 2017 Kotun Ƙolin jihar Washinton ta soke wannan a ranar da ta saurari ƙarar. A 2020 aka zaɓe ta majalisar jihar.

Na yarda ta sha wahala kafin ta samu, har kotu sai da ta je. To amma ta samu.

Shirin ma, 'yata, ki yafe mini zan ɓata miki gaba: a zango na biyar asiri ya tonu, ya amsa laifi, ya tafi gidan yari. Nan sun yi gaskiya. Inda suka koma tatsuniya shi ne zango na shida, da ya fito ba da jimawa ba kwamiti ya ba shi lasisi. Ki sa wannan kusa da Glass, wanda shekara goma sha shida bayan laifinsa ba ta ishe shi ba.

Uwar_Tagwaye ta rubuta:

Baba ka kashe mana zango biyu, maigida ya ce a gaya maka bai yafe ba.

Malam, na koma na karanta tambayar kamar yadda ka ce, har sau uku, ko zan sami ƙofa. Babu "shekara biyar", "an taɓa" ce tsirararta. Na sa "e". A layin bayani na fara rubuta sakin layi guda mai tsawo da motar da kukan da komai, sai na ga kamar ina neman a tausaya mini, na goge. Abin da na bari: a 2018 na danna wa abokiyar aiki lambar shiga aiki alhali ba ta iso ba, hakan ya saɓa dokar wurin, aka sallame ni, ban musa ba, kuma wuraren biyu da na yi aiki bayan nan ga lambobin shugabannina. Digirin na sa ban kammala ba, na tura sabuwar takarda ga matar da ta yi mini intabiyu da layi biyu na bayani.

Ta amsa cikin awa ɗaya: ta gode, za ta haɗa da fayil. Shi ke nan. Na karanta kalmomin nan sun fi sau goma ina neman ko da fushi ko babu, ban gano komai ba.

Ƙanwata Mai Duba Fayil, kwana nawa rahoton yake ɗauka a wurinku? Sun ce in fara ranar 3 ga wata in komai ya yi daidai, ni kuma ban ba wurin da nake yanzu sanarwar ajiye aiki ba tukuna. In ba su yanzu ko in jira?

Mai_Duba_Fayil ta rubuta:

Ki jira, Yaya. A wurinmu yakan ɗauki kwana uku zuwa mako guda, in tsohon wurin aiki ya yi jinkirin ɗaga waya ya kai biyu. Kada ki ajiye komai sai sun rubuto miki cewa an kammala tantancewa, a rubuce, ba ta waya ba. In ranar 3 ta matso ba su gama ba, ki nemi su ɗaga ranar farawa, ana yi kullum.